Aron Suna

Ranar Litinin da safe Mai Kwafi ta kulle shagonta, ta manna takarda a ƙofa cewa za ta dawo kafin azahar. Ɗaliban kwalejin da ke tsallaken titi su suka laƙaba mata wannan suna, ya bi ta har gida, har mahaifiyarta ma da shi take kiranta in tana cikin raha. Shekarunta ashirin da huɗu, biyar daga ciki a tsaye ta yi su gaban inji, tana kwafar takardun mutane, tana buga musu wasiƙun neman aiki, tana gyara musu kuskuren da ba su ce ta gyara ba. Ba ta iya ganin harafi ya karkace ta yi shiru. Wannan halin ne ya tara mata masu ciniki, shi ne kuma ya sa take jin babu takardar da za ta bi ta gabanta ta yaudare ta.

Bashi huɗu ne a wuyanta, kuma babu na shashanci ko ɗaya. Akwai na mai injina, ɗan kasuwar da ya ba ta babban injin kwafi bara a kan ta riƙa biya wata-wata. Akwai na mai kawo mata takarda da tawada. Sai guda biyu na waya, irin wanda za ka danna sau uku kuɗi su shigo, daga ranar kuma ƙarar wayarka ta zame maka abin tsoro. Waɗannan biyun ta ci su ne lokacin da aka rufe kwalejin wata huɗu, titi ya yi tsit, mai ginin shagon kuwa bai ga dalilin da zai sa haya ta tafi hutu ba.

Mai injina ya yi haƙuri wata uku, ya gaji. Ranar Asabar ya zo da kansa, ya dafa injin kamar mai dafa kan ɗansa, ya ce in Juma'a ta yi bai ga kuɗin wata ukun nan ba, zai zo da mota ya ɗauke shi. Abin da ta biya a baya kuma ya zama kuɗin haya, haka yarjejeniyar ta ce, ita ma ta sani don ita ta buga ta. Injin nan shi ne shagon. Ƙaramin da ta fara da shi yana nan a lungu ta mayar da shi wurin ajiye kwali, in ya yi kwafi goma sai ya huta.

Wani malamin kwalejin ne ya ba ta shawara. Ya ce akwai rancen da ake haɗe bashi da shi: banki ya biya duka huɗun, ita kuma ta riƙa biyan banki shi kaɗai, da kuɗin ruwa mai sauƙi. Ta shirya takardunta a fayil mai launin shuɗi, kowace a jere, har da lamba a kusurwa. A ƙasan fayil ɗin ta sa abin da take taƙama da shi, rasit talatin da shida ɗaure da roba.

Jami'ar da ke kula da rance mace ce mai ɗan shekaru, tabarau a rataye da igiya a wuyanta, ga kofin shayi da ya huce a gefen kwamfuta. Ta buɗe fayil ɗin, ta ɗaga gira.

"Wa ya jera miki wannan?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Da kowa haka yake kawowa da ban fara furfura ba." Ta sa tabarau. "Amma bari in gaya miki gaskiya tun yanzu, ƙanwata. Masu irin shekarunki in mutum goma suka zauna a kujerar nan, takwas da takardunsu suke komawa gida."

"Saboda me?"

"Saboda ba mu san ku ba. Mai shekara arba'in in ya zo, akwai shekara ashirin a bayansa da zan duba, ya ci ya biya, ya ci ya biya. Ke fa? Cinikinki a aljihun tebur yake kwana, ba ya bi ta banki, da me zan auna shi? Ba albashi, ba fili, injin ma ba naki ba ne tukuna. Ga masu waya biyu a wuyanki. Su ba sa duba komai, shi ya sa suke yanka ku, mu kuma in mun ga sunansu sai mu san mutum ya matsu."

Mai Kwafi ta yi murmushi. Ai dama wannan take jira. Ta zare robar ta tura rasit ɗin gaban matar.

"Shekara uku ina biyan wannan bankin naku. Ban taɓa wuce ranar biyar ga wata ba."

Jami'ar ta ɗauki na sama, ta ɗauki na tsakiya, ta ɗauki na ƙasa.

"Sunan wa ne wannan?"

"Na Yayana. Lokacin shekarata sha tara aka ce ba za a ba ni ba, sai ya karɓar min da sunansa na sayi injina na farko. Amma ko sisi bai taɓa sawa ba, ni na biya."

"Na yarda ke kika biya. Kwamfuta ce ba ta sani ba. Ita a wurinta, yayanki mutumin kirki ne wanda bai taɓa makara ba, ke kuma ba ki taɓa biyan kowa komai ba."

Murmushin ya tsaya a fuskar Mai Kwafi bai san inda zai je ba. Shekara uku! Akwai watan da ta sayar da ɗan kunnenta don kada biyar ga wata ta wuce. Matar ta riga ta shigar da lambar katin shaidarta tana jiran kwamfuta. Sai ta ga ta matso da fuskarta kusa da allon, ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Bashi nawa kika ce ana bin ki?"

"Huɗu."

"Biyar nake gani."

"Huɗu ne, ranki ya daɗe. Ga su nan na sa musu lamba."

"Na biyar ɗin namu ne, daga reshenmu na bakin kasuwa. Shekara uku ke nan. Ya fi huɗun nan in an haɗa su. An biya wata huɗu aka daina. Rancen kiwon kaji."

"Kaji?" Muryarta ta fita har mutumin da ke teburin gefe ya juyo. "Ni? Wallahi ko kyanwa ban taɓa kiwo ba!"

Jami'ar ba ta yi gardama ba, ta juyo mata da allon kawai. Kwafin katin shaidarta ne, ga fuskarta da tsohon ɗankwalinta mai ɗigo-ɗigo. Daga sama har ƙasa, dab da kunnenta na hagu, wani siririn layi baƙi ya ratsa takardar. Ta san layin nan kamar yadda ta san tafin hannunta. Ƙusar maƙala takarda ce ta karce gilashin ƙaramin injinta a satin farko da ta saye shi, tun daga ranar duk kwafin da ya fito sai da layin. A shagonta aka yi wannan kwafin. Da hannunta.

Matar ta sauko da shafin. A ƙasa ga sa hannu, da 'yar jelar nan da take lanƙwasawa a ƙarshe tun tana sakandare.

Ranar ta dawo mata sarai: satin jarrabawa ne, ɗalibai sun cika shagon har waje, kowa na miƙo takarda ta kan kafaɗar wani. Yaya ya kutsa ya ce ta yi masa kwafin katinta uku, ya naɗe wani fom ya bar layin ƙasa kaɗai a buɗe, ya ce, "Sa min hannu nan, shaida ce kawai." Ta sa, ba ta ko ajiye takardun da ke ɗaya hannun ba. Ita da take karanta wasiƙar baƙo har ƙasa don ta cire masa waƙafi ɗaya.

"Amma ba wanda ya taɓa kira na," ta ce.

"An kira. Sau arba'in da bakwai a rubuce." Jami'ar ta karanto lambar wayar.

Tsohon layinta ne, wanda ta bar wa Mama a ƙaramar waya lokacin da ta sayi sabo don kasuwanci.

Matar ta tura mata kofin ruwa. Ta ce da wannan a kanta, ko shekararta hamsin ba mai ba ta rance. Ta ce hanya ɗaya ta gani, tunda sa hannun nata ne ba na jabu ba: yayan ya zo ya sa hannu cewa bashin kajin ya koma kansa, ya kuma tsaya mata a sabon rancen. Sunansa yana da nauyi a wurinsu. In ya zo kafin Alhamis, ita da kanta za ta kai takardar sama.

Ba ta koma shago ba. Ta wuce gida kai tsaye, ta san Yaya a can yake cin abincin rana tunda shagon kayan ginin da yake aiki bai da nisa. Ta same shi a falo ya miƙe ƙafa, faranti a cinya, Mama na ninke wanki a kan doguwar kujera. Auta, ƙanwarsu, wadda satin jiya ta cika sha takwas ta karɓo katin shaidarta tana nuna wa kowa, tana ɗaki tana jin waƙa a waya.

"A'a, Mai Kwafi da rana tsaka? Yau inji ya ba ki hutu?" in ji Yaya.

"Yaya, ina kajina?"

Cokalin ya tsaya tsakanin faranti da bakinsa. Mai Kwafi ba shi ta kalla ba ma, Mama ta kalla, tana jiran ta ga mamaki a fuskarta. Mama ta ci gaba da ninke riga, ta daidaita hannuwan rigar, ta ɗora ta kan 'yan uwanta.

"Zauna ki sha ruwa tukuna," in ji Mama.

"Mama, kin sani?"

"Ni na ce ya yi."

Mama ta yi bayani a natse, da muryar da take faɗin kuɗin cefane. Lokacin sunan Yaya yana riƙe da injinta, banki ba ya ba mutum rance biyu a haɗe. Ga abokinsa ya samo wuri mai araha, ga kaji ana riba. Sunanta ne a sake a gidan, sai aka yi da shi. Ciwo ya shiga kajin, sati ɗaya suka ƙare. Ba wanda ya ci, ƙaddara ce.

"Ya ara miki nasa, kin ara masa naki. Mene ne a ciki? Ba ciki ɗaya kuka fito ba?"

"Ni na biya nawa, Mama! Shi kuma aka yi ta kira shekara uku ba wanda ya gaya min!"

"Don kada hankalinki ya tashi ne. Kina da naki a ka." Mama ta nuna jakar takardun gida da ke saman kabad, inda takardar haihuwar kowa take tun ta marigayi Baba. "Wayar tana can ciki, na kashe ta. Da sun gaji za su bari."

Mai Kwafi ta juya ga Yaya. Ta danne abin da ke taso mata, ta yi magana a hankali, don Juma'a ta fi fushinta muhimmanci. Ta gaya masa abin da jami'ar ta ce, sa hannu biyu kawai, kafin Alhamis.

Yaya ya ajiye farantin ya goge hannu, ya daɗe yana gogewa.

"Ƙanwata, lokacin ne bai yi daidai ba. Kin san maganar rancen motar ɗaukar kaya da nake nema a banki. Sun amince, ƙarshen wata za su saki kuɗin. Manajan ma cewa ya yi bai taɓa ganin matashi mai tarihin biya irin nawa ba. In na ɗauki na kajin yanzu, shi ke nan an fasa."

"Tarihin biya irin naka."

"Ki gane mana. Sunana shi kaɗai ya rage mai kyau a gidan nan. In na ɓata shi, wa ya amfana?"

Abin da ya fi girgiza ta, ba wasa yake ba, ba kuma rainin hankali ba ne. Da gaske yake faɗa, har da ɗan alfahari, kamar shi ya sayar da ɗan kunne. Ta so ta yi ihu, ta so ta yi dariya.

"Ku daina tayar da jijiyar wuya," in ji Mama. "Na riga na yi tunani. Ba ga Auta ba? Katinta sabo fil, ba ko ɗigo a kansa. Ƙananan ofisoshin nan na bakin kasuwa ba sa tambaya da yawa, a ranar suke bayarwa. A karɓa da sunanta a sallami mai injina, ke kuma ki riƙa biya a hankali. In motar yayanki ta fito sai a gyara komai."

Daga ɗaki Auta ta leƙo, igiyar waya a kunne ɗaya. "Na ji an ambaci sunana?"

"Ba komai, aike ne za ki yi wa yayarki," in ji Mama.

Talata da Laraba Mai Kwafi ta yi aiki kamar wadda aka ɗaura wa hannuwan wani. Ta je wurare biyu masu ba da rance, duka da suka shigar da lambarta sai fara'arsu ta ragu. Ta kira mai injina, ya ce shi ma ana bin sa. Ta kira Yaya sau biyu, na farko ya ce yana tare da mai gidansa, na biyu bai ɗauka ba. Kuma gaskiyar magana, shawarar Mama ba ta fita daga ranta ba. Ta san ita mai biya ce, ta tabbatar da haka sau talatin da shida. Auta ba za ta ko ji a jikinta ba. Ta yi lissafin a bayan wata lalatacciyar takarda, ya fita daidai, in dai ba a sake rufe kwalejin ba.

Ranar Alhamis da hantsi Auta ta shigo shagon tana tauna cingam, fom a naɗe a hannu.

"Anti, Mama ta ce ki yi min kwafin katina uku, ki nuna min inda zan sa hannu. Wai sauri ake, kafin sha biyu za a rufe karɓa."

Mai Kwafi ta karɓi katin. Har yanzu da sheƙinsa, Auta ta ɗan karkata kai a hoton kamar mai shirin yin dariya. Ta ɗaga murfin babban injin ta kwantar da katin a kan gilashi, gilashi mai tsabta wanda ba karce ko ɗaya. Yatsarta na kan koren maɓallin.

"Kin karanta fom ɗin?"

"A'a. Mama ta ce shaida ce kawai."

Yatsar ta janye da kanta. Ta ɗauke katin, ta jawo kujerar roba ta ce Auta ta zauna. Ta warware fom ɗin ta shimfiɗa a kan tebur, ta danne kusurwarsa da maƙalar takarda.

"Karanta min. Da ƙarfi, daga sama."

"Haba Anti, shafi huɗu ne fa."

"Ina da lokaci."

Auta ta fara da zumɓura baki. A shafi na biyu cingam ya tsaya. A na uku, inda aka rubuta abin da zai faru in an makara, ta ɗago kai idanunta sun fito waje.

"Wannan ai bashi ne. Ni za a bi?"

"Ke za a bi. In na biya, lafiya. In aka rufe makaranta, ko na kwanta ciwo, ko inji ya ƙone, sunanki ne zai zauna a kwamfutarsu, kuma ba ta mantuwa. Ran da kika je neman naki, da shi za a tarbe ki."

"Amma in ban sa ba za a ɗauke injinki. Na ji Mama na faɗa."

"Za a ɗauke."

"To in sa mana, Anti. Ai na san ki."

Nan ne hawayen da Mai Kwafi ta riƙe tun Litinin suka so su ci amanarta. Ta juya ta ɗauko leda mai kauri ta zura katin, ta bi bakin da injin liƙa, ta danƙa wa Auta a tafin hannu ta rufe mata yatsu.

"Kada ya shiga jakar saman kabad. Kada ki ba Yaya, kada ki ba Mama. Ko ni na zo ina kuka, kada ki ba ni."

Fom ɗin kuwa ta saka shi cikin kwalin takardun da ake yankawa a yi ƙananan littattafai.

Juma'a ƙarfe goma mai injina ya zo da mota da mutum biyu. Ya yi ta ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ta cire musu wayar wutar injin daga bango da kanta, ta kwashe takardunta daga cikin tiren. Ɗalibai suka tsaya cirko-cirko a bakin titi suna kallo. Da motar ta tafi, inda injin ya zauna ya bar fili mai kusurwa huɗu a ƙasa, ya fi sauran simintin haske. Mama ta kira sau uku, ta bar wayar tana ruri a kan tebur.

Ta sauke kwalayen da ke kan ƙaramin injin, ta kaɗe shi, ta jawo shi tsakiyar filin, bai ko cika rabinsa ba. Ya daɗe yana gurnani kafin ya yarda ya kunnu. Wata ɗaliba ta miƙo takardar sakamakonta, aka yi kwafi, ta ɗaga ta duba ta ɓata fuska.

"Mai Kwafi, akwai layi a jiki fa."

"Na sani," ta ce. "Ba ya fita."